Gida na Goma Sha Bakwai Bai Sa Hannu Ba

Gida goma sha bakwai ne a rukunin namu, goma sha shida sun sa hannu a zuƙe ruwan dam ɗin da ke tsakiyarmu. Saura ni.

Mai kamfanin da ya sayar mana da gidajen, wanda muke ce wa Mai Taswira don kullum da naɗaɗɗiyar takarda a hammatarsa, sau huɗu yana zuwa mini. Wai dam ya tsage, gyara ba zai yiwu ba, sai dai a zuƙe.

"A zuƙe ka yanka fulotai a ciki, ko?" na ce masa. "Da bakin nan naka ka ce mana gida mai kallon ruwa. Yanzu kuma mai kallon me? Bangon wani?"

"Hajiya, ki yi haƙuri mana."

"Haƙurin ya ƙare a shago, sai an kawo sabo."

Maƙwabta suka ɗauka haƙƙinmu nake karewa. Rabin gaskiyar ke nan. Sauran rabin Baba ne, mahaifina.

Shekara biyu ke nan da Baba ya rikice. A cikin gida bai san ni ba sam, in na miƙa masa shayi sai ya yi mini godiya irin ta baƙo. Amma da la'asar, in na tura kekensa zuwa bakin ruwa, sai wani abu ya warware a fuskarsa. Rana takan kwanta a kan ruwan, tsuntsaye farare su sauka ɗaya bayan ɗaya, komai ya yi tsit har ka ji kamar duniya ta ɗan gyangyaɗa. A nan Baba yake ganin kogin garinsu. Yana ganin kwale-kwale inda babu, yana ɗaga wa mutanen da suka daɗe da rasuwa hannu.

"Auta," yakan ce, "riƙe rigata, kar ki zame."

Auta! Wallahi don wannan kalmar ɗaya nake tashi da safe. Sai in riƙe rigar, ni da furfurata, mu yi ta kallon jiragen da ba sa nan.

Wata safiya Nas, maƙwabciyata da gidanta yake gangaren dam, ta aiko in zo in taya ta janye kabad. Na tafi da shirin faɗa, amma ko takardar sa hannun ba ta ambata ba. Muka janye kabad ɗin. Bangon bayansa ya jiƙe har ƙugu, fenti ya kumbura yana ɓarewa. Gadon jaririyarta a kan bulo huɗu yake, ruwa na tsattsafowa ta tsakanin tayil a hankali kamar gumi.

Ta kama hannuna ta ɗora a bangon. Sanyi ƙalau, kuma na rantse na ji yana motsi.

"Yaya, haka nake jin sa kullum," ta ce. "Ban san ranar da zai shigo ba."

Kunya ta rufe ni. A ranar na kira Mai Taswira, na sa hannu a kan murfin motarsa. Ya buɗe baki zai yi godiya, na ce ya riƙe abarsa.

Kwana tara ruwan ya yi yana janyewa. Kullum sai in ƙara tura keken gaba, muna bin sa cikin taɓo, tayoyi na nutsewa ina ja. Tsofaffin kututture suka fito, da wani bokiti da ba a san mai shi ba. Baba bai damu ba. Ya ce rani ne, haka kogi yake yi. A rana ta tara ruwan bai fi faɗin tabarma ba, sama gaba ɗaya ta taru a cikinsa, kuma ya kira ni Auta har sau biyu.

Washegari babu komai sai laka da ta fara tsattsagewa. Can gefe ma'aikatan kamfani suna kafa turaku masu jan ƙyalle. Baba ya daɗe yana dubawa, sannan ya waiwayo, cikin ladabi.

"Baiwar Allah, ko kin ga 'yata? Ƙarama ce, nan na bar ta a bakin ruwa."

Na gyara masa bargo a gwiwa, na ce masa yanzun nan za ta dawo. Na tsuguna kusa da keken muka yi ta jiranta.