Ranar da Dogo Ya Danna

Dogo yana tsaka da shan ruwa ya ji Manaja yana cewa, "Kai, yarinyar nan akwai ƙwaƙwalwa!" Saura kaɗan ya ƙware.

Sabuwar ma'aikaciya ake yabo, Mai Tabarau, wadda ko hanyar ɗakin taro ba ta gama ganewa ba. Alhali Dogo ne ya gina manhajar kamfanin tun daga tushe. Shi ya yi dabarar jeri ɗaya na sharhin jama'a a rumbun bayanai, mai liƙe da hoto da bidiyo da labari duka. Kowane sharhi yana ɗauke da alamar abin da aka yi shi a kai, shi kuma gogan, don son a sani, ya cusa sunansa ciki: Dogo-Hoto, Dogo-Bidiyo. In ransa ya ɓaci, sai ya buɗe rumbun ya yi ta kallon sunansa, layi bayan layi.

Yanzu ga ta da gyara. Wai a bar alamar "hoto" kawai, don ko an sauya tsarin manhajar gobe, haɗin ba zai tsinke ba. Abin haushin ma, gaskiya ta faɗa.

Kishi ya turnuƙe shi. Amma ya hango mata rami: tsofaffin sharhin duk da sunansa suke. In ta saki gyaran ba ta juya su ba, za su ɓace daga manhajar, Manaja ya dawo yana "Dogo, taimaka." Ya ja bakinsa ya tsuke, har da gyara zama.

Bayan hutun rana ta jawo kujera kusa da shi.

"Yaya Dogo, na rubuta abin da zai juya tsofaffin layukan ma. Na gwada, lafiya lau."

"To, madalla," in ji shi, kamar mai haɗiyar magani.

"Amma ban saki ba. Kai ka gina abin nan, kai ya kamata ka danna maɓallin."

Manaja ya taso, sauran ma'aikata ma suka kewaye teburin Dogo. "Ka ga tarbiyya! Bismillah, Dogo."

Ya leƙa fuskarta ko zai ga mugunta, ya samu abin riƙewa. Ina! Da zuciya ɗaya take kallonsa.

Ya danna. Aka yi tafi.

Da kowa ya watse, ya rubuta sunansa a gurbin bincike, ya gyara zama zai jira. Rumbun ko jinkiri bai yi ba: babu sakamako.