Lita Takwas a Wata

"Baba, ba shi makullin mana. Mutumin nan Kano zai koma."

Ridwan ne yake magana, hannunsa a miƙe. Baba Madu yana tsaye jikin tsohuwar Fijonsa mai dogon baya, ya dunƙule makullin a hannu. Ni kuma ina bakin shagona, tsallaken hanya, na tsayar da keken ɗinki ina kallo. Shekara goma sha huɗu ina ɗinki daura da ƙofar gidansa, ban taɓa ganin ɗansa ya zo masa da baƙo ba tare da ya sanar da shi ba sai ranar.

"Tasi'u!" in ji Baba Madu. "Zo ka ji wata magana."

Na tsallaka na gaishe su. Baba Madu tsohon malamin gona ne, iyayensa daga Barno suka zo tun kafin a haife shi, kuma duk gonar da ke kewayen garinmu ya taɓa taka ta. Ridwan shi ne kaɗai ɗansa namiji da ya rayu, yana aikin ofis a Kano.

"Wai in sayar da wannan, in cika da shanun huɗata biyu, a sayo min ƙarama wadda ba ta shan mai," in ji Baba.

"Lita ta haura dubu, Baba," Ridwan ya ce. "Wannan motar rijiya ce. Ƙaramar kusan rabin abin da take sha za ta sha. Kowa yanzu abin da yake yi ke nan."

"Kowa ina yake zuwa? Ni ina nake zuwa? Ɗanbatta ranar Lahadi. Asibiti sau ɗaya a wata, a auna min jini. In an yi rasuwa a Kunci in je. Lita ashirin nake sha a wata, wani watan ma ba ta ƙarewa. Taka ta sha goma sha biyu. Nawa na rage?"

"Takwas."

"Lita takwas a wata. To shekara nawa lita takwas za ta yi kafin ta biya ni shanuna?"

Ridwan ya yi dariya, ya dubi baƙon da ya zo da shi don ya sayi motar.

"Na lissafa tun da ka fara maganar a waya," in ji Baba. "Shekara goma sha takwas. Sai na kai casa'in ke nan."

"Allah zai kai ka, Baba. Kuma ba mai kaɗai ba ne. Kayan gyaranta fa? Ranar da ta mutu maka a hanya fa? Ni ake zagi a gari, a ce ɗansa yana Kano ya bar shi a cikin gwangwani."

Daga cikin zaure Inna Amsa, matar Baba, ta yi gyaran murya. "Malam, yaron nan alheri yake nufin ka da shi. Kada ka kunyata shi gaban baƙo."

Baba ya juyo gare ni. "Kai me ka gani?"

Na ga rigar Ridwan mai guga, na ga wayarsa, na tuna ni aji uku na sakandare na tsaya. Na ce, "Ai Baba, su da suka yi karatu sun fi mu sanin waɗannan abubuwa."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya buɗe ƙofar motar, ya ciro dardumarsa da wani tsohon buhu da igiyar da yake ɗaure kaya, ya miƙa wa baƙon makulli. Bai tsaya ya ga tafiyarta ba.

Ran Lahadi aka kora shanun zuwa kasuwar Ɗanbatta. Bayan kwana goma Ridwan ya kawo ƙaramar. Ja ce, tana ƙyalli, cikinta yana ƙamshi. Mata suka yi ta leƙowa, Inna Amsa ta raba goro. Har ni na ce Allah ya sanya alheri, ya tsare.

Sau huɗu Baba ya tuƙa ta. Ba ta da kuloci, ƙafarsa ta hagu ta yi ta neman abin da za ta taka. Kuma motar a ƙasa take. Tsakaninmu da titin kwalta akwai wani kwari mai yashi, wanda Fijo take ratsawa da buhu shida na gero a bayanta. Wannan kuwa ranar farko ta zauna a ciki da cikinta, sai da muka je mu biyar muka ɗaga ta. A fita ta huɗu wata 'yar fitila ta kama a gaban sitiyari ta ƙi mutuwa. Naziru makaniki ya buɗe gaban, ya leƙa, ya rufe.

"Baba, wannan ba ta hannu ba ce. Sai an jona mata kwamfuta. Kano za a kai ta."

Ridwan ya zo ya tafi da ita, ya ce kwana uku.

Kwana uku ya zama mako uku. Farko ana jiran wani ƙarfe daga Legas. Daga baya mai gyaran ne ya yi tafiya. Sai wata rana Sauda, 'yar ƙanwar Inna Amsa da take aure a Kano, ta zo ganin gida, ta faɗa a tsakar gida ba tare da ta san ta yi ɓarna ba, cewa ta ga matar Ridwan a jar motar tana kai yara makaranta, wallahi ta yi mata kyau.

Da yamma Baba ya zo shagona da wayarsa, don idonsa ba ya ganin lambobin sosai. Na kira masa, na sa a bayyane kamar yadda yake so.

"Ridwanu, motar ta gyaru?"

"Ta gyaru, Baba, amma ana ɗan gwada ta tukuna."

"A hanyar makaranta?"

Ridwan ya ce, "Baba, tsakani da Allah, kai ai ba ka zuwa ko'ina. Da bakinka ka faɗa. Irin waɗannan motocin in aka ajiye su ba a hawa, lalacewa suke, batir ya mutu. Duk ranar da kake buƙata ka kira ni kawai, awa ɗaya da rabi na iso."

"To," in ji Baba. "Ka gaida yaran."

Ya karɓi wayar ya sa a aljihu. Na jira ya yi faɗa, ko ya tuna min abin da na ce ranar nan. Bai yi ko ɗaya ba. Ya tambaye ni ko babur ɗina zai iya kai shi asibiti ranar Talata, zai zuba mai.

Haka muka yi wata huɗu. Yakan zauna a bayana ya riƙe ƙarfen baya da hannu biyu, ba ya yarda ya riƙe ni. Mutanen da a da yake tsayawa ya ɗauka a hanya, yanzu su ne suke ɗaga mana hannu daga bakin gonakinsu, wasu su sunkuyar da kai.

Da damina ta faɗi, rashin shanun ya fito fili. Masu huɗar haya sai sun gama tasu gonar da ta waɗanda suka riga biya. Baba ya jira kwana tara, ƙasa tana shan iska. A rana ta goma ya ɗauki garma da kansa, mutum mai shekara saba'in da biyu da hawan jini. Inna Amsa ta tare ƙofa, ya ce ta matsa. Na ce ya bari ranar Juma'a in tara masa gayya. Ya ce ruwa ba ya jiran Juma'a.

A rana ta uku da fara huɗar, wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi, ina ɗinkin wata riga na ji ihun Inna Amsa. Na shiga gidan ba ko sallama. Baba yana kwance a gindin randa, moɗa a gefensa, ruwa ya zube. Ya dawo daga gona ke nan. Bakinsa ya karkace, idonsa a buɗe, yana ƙoƙarin magana amma sai iska.

Na kira Ridwan. Sau biyu ba a ɗauka ba, a na uku ya ɗauka da raɗa, yana cikin taro. Da na faɗa masa ya ce innalillahi, ya ce ga shi nan, sai dai motar tana wajen Hajiya, matarsa, bari ya neme ta.

Garin babu namiji, kowa yana gona. Mai a-kori-kurar da muke da shi ya tafi Watari ɗauko kaya. Ni da Inna Amsa da Sauda, wadda ta sake zuwa ganin gida, muka cicciɓe shi muka ɗora a babur. Inna ta cire mayafinta ta zagaye ƙirjina da bayansa, ta ƙulle a cikina da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta ɗora ƙafafunsa a kan matakai, ta ce, "Tasi'u, ka yi masa magana a hanya. Kada ka bar shi ya yi barci."

Na yi masa magana. Kilomita goma sha biyu ina magana. Na ce Baba ga mu a kwari, ka yi haƙuri da girgiza. Na ce Baba ga gonar Alhaji Uwais, dubi yadda gyaɗarsa ta fito. Na ce mun hau kwalta, saura kaɗan. Na yi masa kalmar shahada ya fi sau ashirin. Har na ce masa, "Baba, lissafinka daidai ne, ni ne ban faɗi gaskiya ba." Kansa yana kan kafaɗata, da nauyi, kuma a karon farko jikinsa duka yana jingine da nawa.

A asibitin ma'aikata biyu suka fito da gudu suka kwance mayafin. Wata ma'aikaciyar jinya ta taɓa wuyansa, ta haska idonsa, ta dube ni.

"Mahaifinka ne?"

"Maƙwabcina ne."

"Sai haƙuri. Ya riga ya cika."

A motar haya muka mai da shi gida. Ridwan ya iso bayan la'asar, ana shirin sallar jana'iza. Ya yi kuka na gaske, har sai da aka riƙe shi, ba zan ɗauke masa wannan ba. Jar motar kuwa a bakin kwari ya bar ta, ya ƙaraso da ƙafa.

Ranar sadakar uku aka samu aka shigo da ita, aka ajiye a inuwar darbejiya kusa da tabarmin masu ta'aziyya. Ina zaune kusa da Ridwan wani baƙo daga Kunci, bayan an shafa addu'a, ya ɗan karkato ya nuna ta da haɓa.

"Ita wannan, ya shan manta yake? Ina tunanin canza tawa."

"Ai ba ta shan mai ko kaɗan," in ji Ridwan. "Sati guda nake yi da rabin tanki."

Sai da maganar ta fita ya ji ta. Ya dube ni, na dubi ƙasa. Can ya matso ya ce a hankali, "Malam Tasi'u, a hanya, ya ce wani abu? Ya ambace ni?"

"Bai iya magana ba."

"Amma yana ji?"

"Ina zaton yana ji," na ce. A lokacin haka na yi imani.

Washegari Ridwan ya koma Kano da motar. Babu wanda ya hana shi. Inna Amsa tana takaba a ɗaka, kuma ko ba takaba, wa zai tuƙa?

Bayan kwana biyu, da hantsi, Kamaruddeen, wanda gonarsa take gab da kwari, ya tsaya a bakin shagona da fartanya a kafaɗa. Ya yi min gaisuwa, sannan ya zaro wani abu daga cikin buhunsa.

"Wannan na tsinta a bakin gonata tun ran nan. Na ce ko na Baba ne. Ban iya kaiwa cikin gida ba."

Takalmin roba ne na zuwa gona, wari ɗaya, na ƙafar dama. Bakinsa ya cinye ta gefe guda, robar ta goge har ta huje, irin ta abin da aka daɗe ana ja a ƙasa.

"A ina daidai?" na ce.

"Kana fita daga yashin, kafin tsamiyar nan."

Daga ƙofar gidan zuwa tsamiyar bai kai kilomita biyu ba. Tun kafin nan ƙafarsa ta saki ke nan, sauran hanyar ni kaɗai nake jin maganata.

Kamaruddeen ya yi sallama ya wuce. Na zauna a kan benci da takalmin a hannuna. Wata mata ta zo karɓar ɗinki, ta tsaya, ta ga ban ɗago ba, ta tafi. Da na kifa shi, yashi ya zubo min a tafin hannu, da ƙwayar gero guda biyu.