Sojojin Firdausi Marasa Kai

Bara'u yana gyara kaya a bayan van ɗinsa ya ji ihun 'yarsa Firdausi daga cikin gida. Ko ƙofar motar bai rufe ba ya koma a guje.

Ya tarar da ita tsaye a falo, hannu biyu a ka. Yayarsa Murja, wadda ta zo unguwarsu ta Small Heath daga Gusau don ganin likitan gwiwa, tana zaune kan darduma, babban tire a gabanta, abin yanke farce a hannunta. A kan tiren sojojin roba ne 'yan mitsi-mitsi, tsawon gaɓar yatsa, sahu-sahu da garkuwa da mashi. Galibinsu babu kai. Kawunan na cikin gwangwanin madara.

"Yaya, me ke nan?"

"Abin da ya kamata ka yi tuntuni. A ɗakin nan nake salla, Bara'u. Mala'iku ba sa shiga gida mai gumaka. Ban zubar mata ba, na san ta sha wahala. Malaminmu ya ce in aka cire kai, magana ta ƙare."

"Gwaggo, interview gare ni yau! Today!" in ji Firdausi.

Tun da ta gama karatun tarihi a jami'a take tsayuwa a kanti tana sayar da takalma. Sai yanzu wani gidan tarihi a Manchester ya kira ta, suna neman wanda zai riƙa koya wa 'yan makaranta labarin sojojin Rum, suka ce kowa ya zo da abin da zai koyar da shi. Duk lokacin sanyin nan ta yi shi ne tana fenti sojojin ɗaya-ɗaya, don ta jera runduna biyu, ta da da ta baya, a ga bambancinsu. Bara'u a aji huɗu ya bar firamare, bai taɓa gane amfanin digiri a kan mutanen da suka daɗe da ruɓewa ba. Amma ya ga yarinyar tana zana garkuwa da burushi mai gashi uku, kuma shi mutum ne da ya san darajar aikin hannu.

Bai yi wa yayarsa musu ba, ita ta goye shi. Ya duƙa ya duba tiren. Masu kai ba su wuce hamsin ba. Mahaya dawakai sun tsira, don tun jiya akwatinsu ke cikin mota.

"Share hawaye. Ɗauko gam, a manna a hanya."

Murja ta yafa mayafi, ta ɗauki gwangwanin. "Ni ba zan mayar wa gunki kai ba. Amma zan riƙe mata."

Su uku suka matsu a gaba, tire a cinyar Firdausi. Kafin su wuce Stafford ta manna kai biyu: ɗaya yana kallon baya, ɗaya ya liƙe a yatsarta. Ta rufe gam ɗin ta jingina.

"It's no use, Baba. Mu koma."

"Ba na juyawa a motorway. Faɗa mini abin da za ki faɗa musu. In ni na gane, kowane yaro zai gane."

Ta fara a sanyaye. Kowane soja ɗaya a tiren yana wakiltar mutum ashirin. A da, rundunar da suke kira legion takan kai mutum dubu biyar, kusan duk 'yan ƙasa, mahayan cikinta ɗari da 'yan kai ne kawai, na leƙen asiri da kai saƙo. A ƙarshen zamanin daular sai ta koma kamar mutum dubu ɗaya, ko da yake masana ba su daidaita a kan adadin ba. Mahaya kuma aka ware su, aka yi musu rundunoni nasu na kansu, ɗari-ɗari.

"An karkashe sauran ke nan?" in ji Murja.

"A'a, Gwaggo. Raba su aka yi. Wasu suna tsaron iyaka, wasu suna yawo da sarki, duk inda wuta ta tashi su je."

"To ai kamfaninmu ne," in ji Bara'u. "Da tirela guda muke lodawa, in ta maƙale a cunkoson Digbeth kowa ya kwana da yunwa. Yanzu ƙananan van ne, ga 'yan babur daban da manajansu. Wanda ya tsara wannan ya san hanya."

Firdausi ta sunkuyar da kai. Tiren take kallo, leɓenta na motsi.

"Baba, tsaya a services."

Da ya tsaya a wurin hutun matafiya, ta ɓamɓare masu kan nan daga inda suke warwatse, ta tara su wuri guda a gaba: hamsin ɗin nan su ne mutum dubu, rundunar ƙarshen zamani. Marasa kai ta bar su a baya, sahu bayan sahu. Ta jera mahaya shida a gefen tiren, sauran ta ba su faifai nasu. Bara'u ya tsaya da kofin shayi yana kallonta har ya huce.

A gidan tarihin aka zaunar da su a baranda. Ta gilashin ƙofa yana hango mutum uku a bayan tebur. Ya ga sun zaro ido da aka buɗe tiren. Ya ga Firdausi ta shafa hannu a kan dukan sahun, sannan ta zagaye masu kai da yatsa, sannan ta ɗebi marasa kan tsibi-tsibi ta kai su bakin tebur, nan da can, kamar masu gadin iyaka. Wata mai furfura ta taso daga kujerarta ta sunkuya. Wani ya yi tambaya, Firdausi ta nuno baranda, duk suka juyo suna dariya.

"Ni suke yi wa?" in ji Murja.

"Ke fa, Yaya."

Firdausi ta fito hannu wofi.

"Ina kayan?" in ji Bara'u.

"Sun ce in bar su. Ran Litinin akwai 'yan makaranta, ni zan karɓe su. Kuma kada in manna ko ɗaya, a haka yara ba za su manta ba."

Bara'u ya yi gyaran murya, ya shiga laluben makullin mota alhali yana hannunsa.

Murja ta miƙe da ƙyar, ta danƙa wa Firdausi gwangwanin madara.

"Ungo, kai musu har da waɗannan. Alhamdu lillahi, sun dai bar mana gida."