Kafaɗar Oom Stoffel

Tun jirgin bai gama hawa ba Hileni ta san ta yi wauta da ta yi shiru. Su biyu za su yi tsalle tare, ita da Oom Stoffel, wato Kawu Stoffel, tsohon da ya koya mata faɗowa daga jirgi da laima a filin jirgin da ke bayan garin Swakopmund, ya tsaya mata har ita ma ta zama mai koyarwa. A satin da ya wuce kafaɗarsa ta dama ta goce yana ɗaga injin kwalekwale. A gabanta ya buga ta a jikin ƙofar mota ta koma gurbinta, ya ce in ta gaya wa shugaban filin, to ba shi ba ita. Likita kuwa ko hanyarsa bai bi ba. Haka tsofaffin wannan sana'a suke, taurin kai ya yi musu yawa, su kuma suna kiransa ƙwarewa.

Abin da ke cin ranta shi ne, mariƙin da ake finciko laima da shi yana can ƙasan jakar laimar da ake goyawa a baya, ta ɓangaren dama, sai an miƙa hannu baya sosai.

Al'adarsu ce kafin a buɗe ƙofa kowa ya taɓa mariƙansa, abokin tsallensa na kallo. Oom Stoffel ya taɓa nasa, amma sai da ya murɗa jikinsa gaba ɗaya, gumi na tsattsafo masa a goshi duk da sanyin da ake yi.

"Oom, mu koma da jirgin," ta ce a kunnensa. "Sai in ce cikina ne ya juya."

"Duba naki dai, uwar tsoro. Tun kina rarrafe nake wannan abu."

Kalma ɗaya ga matuƙi ta isa a fasa. Ta buɗe baki, ta dubi furfurarsa, kunya ta rufe mata shi. Aka ja ƙofa, iska ta cika jirgin. Can ƙasa ga tuddan yashi, ga teku a gefe.

Da hannun dama ya kama ƙarfen ƙofa, kamar yadda ya saba tun yana saurayi. Iska ta fizgi jikinsa kafin hannun ya saki. Suna faɗawa ta gani: hannun yana lilo a bayansa kamar hannun rigar da aka shanya.

Da hannu ɗaya ba ya iya daidaita jikinsa, sai ya fara juyawa. Akwai laimar ko-ta-kwana, mariƙinta a ƙirji ta hagu, kuma shi da bakinsa ya sha ce wa ɗalibai in dama ta ƙi, a koma hagu. Amma sabo ya fi ƙarfinsa. Ta ga kafaɗar tana motsi, yana ta aika hannun da ba ya jin aike, yana sake aikawa. Ta bubbuga ƙirjinta ta hagu don ya gani. Idonsa ya wuce ta kanta, ba ya ganin kowa.

Ta dubi ma'aunin tsayi a wuyan hannunta. Allurar tana gangarowa wajen jan layin haɗari. Tsoro ya kama ta, ga haushinsa, ga haushin kanta. Ta haɗe hannuwa a jiki ta nutsa wajensa. Karon farko takalminsa ya dake ta a baki, ta ji gishirin jini. Ta dawo, ta jira ya juyo, ta cafki ɗamarar cinyarsa da hagu. Juyin ya kwashe su tare, yashi da teku na musayar wuri. Ta lalubi ƙasan jakar, ta samu mariƙin, ta fincike ta jefar.

Laimar ta ɗauke shi daga hannunta. Sai a lokacin ta tuna da kanta. Ta ja mariƙin tata laimar bayan ta yi ƙasa har tana iya ganin sawun taya a kan yashi. Laimar ta buɗe da ƙarfi, kafin ta gama numfashi uku ƙasa ta iso, ta gangara a gefen tudu tana birgima.

Ta same shi zaune nesa kaɗan, ya rungume hannun, fuskarsa ta yi fari fat. Motar filin tana tahowa da gudu, shugaban ne da kansa ke tuƙi.

"Ki ce ƙafata ce ta zame a ƙofa," ya ce a hankali. "Hileni, in ya ji, shi ke nan. Ba ni da wani abu sai wannan."

Bai taɓa roƙonta komai ba, kuma ta san gaskiya ya faɗa. Ba mata, ba ɗa, sai filin.

Shugaban ya diro yana tambayar me ya faru. Ta tofar da jinin bakinta.

"Kafaɗarsa ta goce tun wancan satin. Na sani, na ɓoye maka."

Shugaban ya matsa kusa da Oom Stoffel. Ya durƙusa ya kwance wa tsohon jakar laimar, ya ajiye ta a gaban mota kusa da shi. Su biyun suka zauna a baya. Suna kan hanyar asibiti jirgin ya sake tashi da wasu, Oom Stoffel ya bi shi da ido har ya shige gajimare. Bai dube ta ba, ita ma ba ta ba shi haƙuri ba, ta dai riƙe masa gwiwar hannun duk inda motar ta faɗa rami.