Birkin Tsattsewa

Tun da Aminullahi bakanike ya kwance ƙullin da aka aiko daga Kano ya yi tsit, na san aikin nan ba zai ƙare lafiya ba. Aminullahi ba ya shiru ko a wurin zaman makoki. Ya jera ƙarafa biyu a kan tsohon buhu, ya juya wannan, ya juya wancan, sannan ya ɗaga kai ya dubi maƙwabcina Malam Jafaru.

"Baba, an yi mana aika-aika. Duk biyun na dama ne."

Malam Jafaru yana zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, ya ɗora kumburarrun ƙafafunsa a kan kifaffen turmi. Ya miƙa hannu aka ba shi ɗaya. Ya daɗe yana shafa shi da babban yatsa.

Ni manomi ne mai ɗan shagon hatsi a kasuwar Birnin Kudu, ban san kan mota ba. A 'yan kwanakin nan ne na koyi cewa ƙarfen nan sunansa kalifa, shi ne yake matse faifan taya idan direba ya taka birki. Na hagun motar Malam Jafaru ya yi tsatsa ya ƙame, na dama kuma yana yoyon mai. Shi ya sa aka aika a nemo wasu.

Na ce, "To ai ƙarfe ƙarfe ne. A ɗaura ɗaya a hagun mana."

"Malam Ɗanladi, kai takalmin dama biyu kake sawa?" in ji Aminullahi. Ya nuna mini wani ɗan noti a jikin ƙarfen. "Ta nan ake fitar da iska daga cikin mai, kuma dole ya kalli sama. In ka kai na dama hagu, notin ya koma ƙasa, iska ta maƙale a ciki. Ka taka birki ka ji ya nutse kamar ka taka laka."

'Yata ce fa za ta shiga motar nan.

Mota ce tsohuwa ƙwarai, koriya, mai ƙofa biyu da dogon hanci, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Wani injiniya da Malam Jafaru ya yi wa tuƙi lokacin aikin hanya ne ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu, tun ina ƙaramin yaro. 'Yan unguwa suna ce mata Tsattsewa. Allah bai ba Malam Jafaru da matarsa Inna Mairama haihuwa ba, sai ya zamana duk yarinyar layinmu da za a kai ɗakin miji, shi yake kai ta. Amarya a gaba, tsohuwa ɗaya a takure a 'yar kujerar baya, sauran motoci su biyo. Yayata ma a cikinta aka kai ta.

Bana abin ya zo kan Munawwara, 'yata ta biyu, wadda za a kai Gwaram bayan an gama kaɗe riɗi. Tun tana wasan ƙasa take leƙa gilashin motar tana cewa, "Baba Jafaru, nan ne wurina ko?" Shi kuma ya ce, "An ajiye miki."

Ni kuwa in na rufe ido hanyar Gwaram nake gani: shanu masu ɓullowa daga gona ba sallama, manyan motocin hatsi, 'yan acaɓa. Ga direban da ba ya iya kaiwa masallaci sai ya jingina da katanga ya huta.

Aminullahi ya goge hannu da tsumma. "Baba, ga shawara. Akwai sabon kalifa na wata mota da ya yi kama da wannan. In na ɗan goge kunnensa, na huda sabon rami, zai zauna daram."

"Zai zauna," in ji Malam Jafaru, "amma ba zai kama daidai da ɗan'uwansa ba. Ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, ka taka birki mota ta ja ka gefe. Kana so in kai amarya cikin gonar dawa?"

"To a sake aikawa Kano."

"A sake."

Da Aminullahi ya hau mashin ɗinsa ya tafi, na matso kusa da turmin na tsuguna. Na daɗe ina neman bakin zaren.

"Baba, ba raini ba ne. Amma da an haƙura da Tsattsewa a wannan bikin. Dangin ango sun ce za su turo mota."

Ya dube ni ta saman tabaransa. "Ɗanladi, tun kana yaro in an aike ka awo sai ka koma ka duba ko ka rufe ƙofa. Motar kake tsoro ko ni?"

"Duka biyun, Baba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Ka yi gaskiya. To ji nan. Ba zan sa yarinyar nan a ciki ba sai na je Gwaram na dawo ni kaɗai. In na dawo na ce maka birki ya kama, za ka ba ni ita?"

Na ce zan bayar. Me zan ce wa mutumin da ya kai yayata?

Daga Kano aka yi ta cewa gobe, jibi. Daga baya mai kayan ya faɗi gaskiya a waya: irin motar nan ta ƙare a duniya, na hagun sai dai in an dace. Ana cikin haka numfashin Malam Jafaru ya ƙara toshewa, muka kai shi asibiti, suka riƙe shi 'yan kwanaki. Ban san abin da likita ya gaya masa ba. Ranar da ya dawo, ko cikin gida bai shiga ba ya sa aka kira Aminullahi.

"Na daina jiran Kano," in ji shi. "Ɗaura na dama a dama. Ɗayan kuma ka farke shi, ka ciro cikinsa da robobinsa, ka zuba a tsohon nawa na hagu. Ciki ai iri ɗaya ne, gidan ne ya bambanta."

Aminullahi ya sa yatsa a ramin tsohon ƙarfen, ya ciro shi ja da tsatsa. "Baba, gidan nan ya yi ƙuraje. Zan goge iya gogewa. Yana iya riƙe mai, yana iya saki. Ba zan rantse maka ba."

"Ban ce ka rantse ba. Goge."

Yini guda suka yi a kai. Malam Jafaru ya ƙi yarda a goge da komai sai lallausar takardar yashi da man birki, kuma kowane lokaci sai an miƙa masa ya shafa da yatsa, ya ce saura. Da la'asar aka ɗaura. Sai Aminullahi ya ce ana bukatar mai taka birki yayin da shi yake fitar da iska. Malam Jafaru ya gwada, ƙafarsa ta ƙi.

"Ɗanladi, shiga. Tunda kai ne mai tsoro, ƙafarka ta zama shaida."

Ban taɓa zama a wurin direba ba. Kujerar ta nutse da ni har ina ganin kamar a ƙasa nake zaune. Cikin motar yana warin tsohuwar fata da turaren amaren da suka wuce. Malam Jafaru ya jawo kujerarsa kusa da taga.

"Taka. Ƙara. Ƙara. To riƙe."

Aminullahi yana kwance a ƙasa ya kwance notin, na ji fedar birkin ta sulale ƙarƙashin ƙafata.

"Kada ka saki! In ka saki iska ta koma. To, ya ɗaure. Saki."

Haka muka yi ta yi. Taka, riƙe, saki. Tsakanin kowace kalma ina jin numfashinsa yana fita da ƙyar, kamar ana jan guga a rijiya mai zurfi. Munawwara ta kawo mana kunu ta tsaya daga nesa tana yi mini dariya.

"Baba, ashe kai za ka kai ni?"

"Wannan?" in ji Aminullahi daga ƙarƙashin mota. "In shi zai tuƙa, sai kin yi jika kafin ku isa Gwaram."

A hankali fedar ta yi tauri. Malam Jafaru ya zuro hannu ta taga ya danna gwiwata, yana jin ƙarfin birkin ta jikina. Ya gyaɗa kai.

"A tsaye dai ya kama. Saura a guje."

Washegari da hantsi na ji ƙarar Tsattsewa. Na fito na same shi ya sa farar riga da hular da yake sawa ranar kai amarya. Inna Mairama tana daga zaure tana cewa ya bari Aminullahi ya raka shi.

"Abin da ban tabbatar ba ba na ɗaukar ɗan kowa a ciki," in ji shi. Ya dube ni. "Ka ce wa Batulu ta ajiye mini fura. Kafin azahar na dawo."

Batulu matata ta dama furar. Aka yi azahar bai dawo ba. Na kira wayarsa, sai na ji tana ƙara a cikin gidansa. Na je bakin titi na dawo, na sake komawa. Ina nan tsaye wani direban motar haya da ya fito daga Gwaram ya taka birki a gabana, ya leƙo.

"Malam, ba layinku ne mai koriyar motar nan ba? Ku je, tana gefen hanya. Mutane sun taru."

Aminullahi ya goya ni a mashin. Mun wuce rabin hanya muka hango ta a gindin wata tsamiya, tayoyi biyu a kwalta, biyu a ƙasa, hancinta yana kallon Birnin Kudu. Ashe ya je Gwaram, dawowa yake yi. Ba ta daki komai ba. Yana zaune, kansa a jingine da kujera, hularsa ba ta ko karkace ba. Wani ya riga ya rufe masa ido. Injin a mace, makulli a kunne, ƙafarsa ta dama tana kan birki.

Wani makiyayi mai suna Ahmad ne ya fara ganinsa. Ya ce shanunsa suna tsallaka titi a ɗan gaba kaɗan, shi yana bayansu.

"Ka ji ƙarar birki?" na tambaye shi.

"Ban ji ba, Malam. Na waiwayo ne na gan ta a tsaye."

"Da gudu ta zo?"

"Wallahi ban gani ba."

Aminullahi ya bi kwalta yana dubawa, babu zanen taya. Wurin kuma 'yar hawa ce, motar da aka saki tana iya tsayawa don kanta. Ya leƙa ƙarƙashin tayar hagu, ya shafa, ya duba yatsansa. Akwai ɗan danshin mai. Ya ce yana iya zama na jiya da muka zubar, yana iya zama sabo.

Kafin magariba aka yi masa sutura aka kai shi. Tsattsewa kuwa da igiya aka jawo ta, aka mayar da ita gindin darbejiya.

Dangin ango sun so a ɗaga biki, ƙanen marigayin ya ce kada a ɗaga, Malam Jafaru ba zai so ba. Ana jibi kai amarya, Batulu ta dawo daga wurin Inna Mairama, wadda take takaba, ta miƙo mini makulli ɗaure da zare.

"Ta ce ita da ƙanensa sun yarda. Wai marigayin ya ce ranar nan motar ta Munawwara ce."

Aminullahi ya ce zai tuƙa. Ya ce in ina so ma zai fita da ita titi ya gwada a guje tukuna.

Na ce, "Mutum ɗaya ya gwada. Ya isa."

Alkawarinmu shi ne ya dawo ya ce mini birki ya kama. Bai dawo ya ce ba. Na gaya wa Munawwara haka a tsakar gida, hannuwanta duk lalle. Ba ta yi musu ba. 

"Baba, ba sai Gwaram ba," in ji ta. "Ya ce an ajiye mini."

Ranar, bayan la'asar, motocin dangin ango suka tsaya a bakin titi. Aka fito da Munawwara a lulluɓe, aka sa ta a gaban Tsattsewa, gwaggonta ta takure a baya. Ba a tayar da inji ba. Na zauna a wurin direba, Aminullahi yana tafe a gefe ya zuro hannu yana riƙe da sitiyari, mazan layinmu suka tura. Ba guɗa, ba kiɗa, sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya. Da muka zo daidai zauren Malam Jafaru na ga labulen ya ɗan motsa. Munawwara tana kuka a hankali, tana shafa fatar kujerar da tafin hannu.

Ƙarshen layinmu yana da 'yar gangara kafin a hau kwalta. Motar ta fara sauri kaɗan. Wata babbar mota ta wuce a titi.

"Malam Ɗanladi, taka," in ji Aminullahi.

Na taka, na riƙe. Ta tsaya. Da na waiwaya sai na ga mutanen duk sun kama ta ta baya, sun dage da ƙafa suna ja.

Aka fitar da amarya aka sa ta a motar dangin miji, suka tafi. Muka tura Tsattsewa muka mayar da ita inda take.

Tana nan har yanzu, ganyen darbejiya yana taruwa a kan gilashinta. Wani lokaci in zan fita kasuwa nakan tsuguna in leƙa ƙarƙashin tayar hagu, ƙasar wurin a bushe take. Ko birkin ne ya tsayar da ita a gaban shanun nan, ko ita ce ta tsaya don kanta bayan ya cika, ban sani ba.