Hannun Walusimbi

Da za a gina jami'a a tudunmu, limamin cocinmu Fada Mukiibi ya ce kowa ya riƙa zuwa coci ranar Lahadi da tubali ɗaya a ka. Mijina Walusimbi ne ke gasa namu. Wata rana ya danna tafinsa a ɗanyen tubali, yatsu huɗu, don injin rake ya cinye ɗaya.

Na ce, "Kai da ko bihim ba ka sani ba, ina ruwanka da jami'a?"

Ya ce, "To ai shi ya sa. In ban shiga ba, hannuna ya shiga."

Magina suka sa tubalin a bangon ajin farko, daidai kafaɗata, ta wajen gonar ayaba. Bayan damina biyu muka binne Walusimbi. Shekara tara, duk Lahadi in na fito coci sai na ɗora hannuna cikin nasa.

Sai aka ce bishop zai zo. Lokacin ina garin Masaka jinyar ƙanwata. Na dawo na tarar an shafe ginin da siminti, an yi farin fenti sumul.

Mai gadi har da washe baki: "Mama, bai yi kyau ba?"

Ban taɓa ƙirga tubalan don in san gurbin nasa ba. Me zai sa in ƙirga abin da nake gani? Yanzu daga kusurwa nake farawa, ina shafa bangon har ƙarshensa. Jiya wata ɗaliba ta ɗauka makauniya ce ni, ta kama hannuna ta kai ni bakin ƙofa.