Tafiyar Hajo Bayan Takaba

Hajiya Hajo ta fita daga takaba da nauyin jikin da ba ta shiga da shi ba. Ƙafafunta sun kumbura, in ta yi sujada sai ta dafa bango kafin ta miƙe. 'Yarta Zulaihat ta kai ta asibiti, likita ya auna ya ce jininta ya hau. Bayan magani, ya ce ta riƙa tafiya da sassarfa kullum, irin wadda numfashi zai ɗan tashi amma ba zai hana ta magana ba. Gudu bai zama dole ba. Ta kuma riƙa zama da tashi a kujera ba tare da ta dafa komai ba, don cinyoyi su yi ƙarfi. Ya ce masu yin haka sun fi daɗewa da lafiyarsu.

Sai da suka kama hanyar gida Hajo ta yi magana.

"Babanku kullum da ƙafa yake zuwa Babbar Kasuwa, ya dawo da ƙafa. Ko babur ba ya hawa. To, yana ina yanzu?"

Washegari Zulaihat ta kawo mata takalman kambas. Hajo ta tura su ƙarƙashin gado.

Maƙwabciyarta Talatu, mai fama da ciwon suga, ita ta fitar da ita. Ta shigo da hantsi ta ce, "Hajiya, ni ma tahiyar nan aka sa ni, amma kunya nike ji. In na fita ni kaɗai cewa za a yi tsohuwa ta zauce. Don Allah ki raka ni."

Don Talatu kawai Hajo ta yarda. Suna idar da asuba su zura hijabi, su nufi titunan GRA inda motoci ba su da yawa. Da fari kowace inuwar darbejiya sai sun tsaya. Samari masu gudu su wuce su fuu, suna zufa, Talatu ta bi su da "Allah ya ba da sa'a."

Wata safiya Hajo ta maimaita mata tambayar da ta yi wa Zulaihat. Suna wucewa ta gaban wani gida mai dogon shinge, Talatu ta amsa.

"Ni ban san abin da tahiya ta ƙara wa mijinki Malam Tanko na kwana ba, wannan sanin Allah ne. Amma ranar da zai rasu na gan shi ya dawo daga masallaci, ya tsallake kwatar ƙofar gidanmu kamar saurayi. Nawa mai gidan kuwa kin san shekarun da ya yi a kwance, muna juya shi, yana ba mu haƙuri."

Duk watannin nan mutuwar Malam Tanko kawai Hajo take kallo, yadda ta zo farat ɗaya. Ba ta taɓa tsayawa ta tuna cewa bai taɓa sallah a zaune ba. Hawaye suka taru mata, ta share da bakin hijabi, ta ƙara sauri.

"Ke, Hajiya, mi ya yi zahi? Jira ni mana!"

Ta rage sauri har Talatu ta cim mata.

"Gobe mu canza hanya," in ji Hajo. "Ƙanwata Binta tana unguwar Rafindadi, tun kafin rasuwar rabona da gidanta."

"Da ƙafa?"

"Da ƙafa. In mun gaji ta ba mu koko."